Lamba Bakwai a Hannun Tela

Ku yaran yanzu bakinku ba ya hutawa. Kuna tafe kuna tauna, kuna zaune kuna tauna, sai ka ce awaki. A tambaye ku me kuka ci yau, ku rantse ba ku sa komai a ciki ba. Ciki ya murɗa, ku ɗora wa mai girki laifi. A kai ku gaban likita, ku zauna kuna tsara masa ƙarya kamar shi zai sha maganin. Ke, ajiye ledar nan ki goge bakinki. Kai kuma cire abin nan daga kunnenka. Ku matso ku ji.

Wani tela ne. Ɗinkinsa ba laifi, kansa ne dai ba a gama ɗinkewa ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne. Keke ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, yadudduka rataye a igiya. A aljihun keken, inda teloli masu hankali ke ajiye allura da alli, shi gwangwanin madara ya ajiye cike da soyayyiyar gyaɗa. Ƙafa na taka keke, hannun dama na jan yadi, na hagu na kai-komo tsakanin gwangwani da baki. Tun safe har la'asar. Gwangwani ya yi ƙasa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya ɗage tsummoki, ya ɗebo daga buhu. Buhu guda ya ɓoye a wurin, matarsa ba ta sani ba.

Ana nan sai borin jini ya fara tasar masa. Wuya ya yi rudu-rudu, hannuwa su yi ja, leɓen ƙasa ya kumbura ya zazzago. Kuma abin bai cika yin tsanani ba sai ya koma gida da yamma. Yana gama cin abinci, sai susa.

"Maman yara, me kika zuba a miyar nan?"

"Abin da nake zubawa shekara goma sha ɗaya."

"To dubi wuyana."

"Na gani. Yaran da suka ci ga su can suna wasa, ba wanda ke susa."

"Su ai fatarsu sabuwa ce."

Gogan naku bai tsaya nan ba. Ya ɗauki ƙara ya kai wa yayarsa, wata mace mai faɗa wadda ita ta goya shi. Washegari sai ga Yaya a kicin. Ta buɗe wannan tukunya ta shinshina, ta buɗe waccan ta yamutsa fuska, ta ɗaga kwalbar mai ta duba a rana.

"Yarinya, ƙanena lafiya lau na ba ki shi. Fatarsa sumul. Yanzu dubi yadda ya koma kamar bayan kada."

Matar ta ajiye ludayi a hankali. Ta ce, "Yaya, tunda kin zo, ke ce shaida. A bincika. In tukunyata ce ke cutar da shi, na sauke ta, ya riƙa cin abinci a gidanki, ni kuma in ba ku haƙuri gaban kowa. In kuwa ba ita ba ce, duk abin da na yanke masa shi zai yi."

Tela ya bugi ƙirji. "Na yarda! Yaya, ki rubuta."

"Ba sai na rubuta ba. Kaina ba irin naka ba ne."

Da safe ya ba maƙwabcinsa mai aski labari. Shi mai askin nan irin mutanen da ba a taɓa tambayarsu abu su ce ba su sani ba ne. Ya zaro waya ya latsa, ya latsa.

"Tela, ai ba sai ka je asibiti ba. Na gani a nan. Shafa abincin ake yi a fata. Wanda ya tayar da ƙaiƙayi, shi ne ɓarawon."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Likitocin ma abin da suke yi ke nan, farar riga ce kawai suka fi mu."

Mutumin naku ya naɗe hannun riga. Ya fasa ƙwai ya shafa. Ya goga kan kifi. Ya ɗiga madara. Ya murza albasa. Daga ƙarshe ya ɗebo garin barkono ya mulka har gwiwar hannu. Kafin minti biyu hannu ya ɗauki wuta. Hawaye ya zubo, ya kai hannun ya share. Ai kuwa sai ihu. Ya fito da gudu ido rufe ya tsoma kai a bokitin da mai aski ke wanke reza. Ranar ƙuda suka raka shi har gida, wata mage kuma ta bi shi har ƙofar ɗaki.

Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta toshe hanci. "Gobe asibiti."

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba wuya, ya duba leɓe, ya ce, "Malam, akwai jikin da ke ɗaukar wani abinci a matsayin abokin gaba. Da ya shiga, sai jiki ya tashi faɗa. Aikinmu mu gano wanne ne. Ga littafi. Duk abin da ya shiga bakinka, ka rubuta, da lokacin da ƙaiƙayin ya taso. Sannan ka cire abinci ɗaya, ɗaya tak, na mako biyu. Ka fara da ƙwai. In ƙurajen sun kwanta, sai mu dawo da shi mu ga ko za su sake tashi. In ba su kwanta ba, ƙwai ba shi da laifi, ka mayar da shi ka cire na gaba. Ka gane?"

"Ranka ya daɗe, ai ni da ka fara magana na riga na kai ƙarshenta."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji likita.

Tela ya koma shago ya buɗe littafi a kan keke. Safe, shayi da burodi da ƙwai. Rana, shinkafa da wake. Yamma, taliya da kifi. Hannun dama na rubutu, na hagu na cikin gwangwani.

Mai aski ya leƙo. "Gyaɗar fa? Ban ga ka rubuta ba."

"Wace gyaɗa?"

"Wadda kake taunawa yanzu haka."

"Kai ma dai. Gyaɗa abinci ce? Wa ka taɓa gani ya wanke hannu ya zauna don gyaɗa? Wa ya taɓa yi wa baƙo tayin gyaɗa a kwano da cokali? Wannan motsa baki ne kawai."

"Ai ka ce cewa ya yi duk abin da ya shiga bakinka."

"Zare ma yana shiga bakina sau ɗari a rana. In rubuta zare?"

Mai aski ya yi tunani. "Kuma fa da gaskiyarka."

A gida ya tara iyali ya kafa doka. Daga yau ba ƙwai. Ba shi kaɗai ba, gidan gaba ɗaya.

"Likita kai ya ce wa," in ji matar.

"Ba za a ci abokin gabana a gabana ba."

Har kazar matar, wadda ke yin ƙwai a bayan randa, ya ce kallon raini take masa. Ya kama ta ya kai gidan Yaya.

To ga inda abin ya kwana. Da babu ƙwai da safe, kafin hantsi yunwa ta kama shi. Gwangwani ɗaya da yake ci ya koma biyu. Ya dawo gida fuska ta ƙara faɗi.

"Kin gani? Ba ƙwai ba ne. Madara ce."

"To a dawo da ƙwan mana. Kuma mako biyu aka ce, yau kwana uku."

"Mako biyu na masu jinkirin fahimta ne. Ƙwai kuma ya zauna inda yake, ban gama yarda da shi ba."

Aka cire madara. Gwangwani ya koma uku. Aka cire kifi. Aka cire burodi da taliya. Aka cire wake, aka cire nama, aka cire tumatir. Duk abin da ya fita ba ya dawowa. Kullum yunwa na ƙaruwa, buhu na raguwa, fuska na hawa. Ba abin da ya rage a gidan sai shinkafa gaya da dafaffen kabeji.

Shi kuwa duk duniya ba abin da ya tsana kamar kabeji. Tun ranar farko ya so ya fara da shi, matar ta ce likita ba da shi ya ce a fara ba, kuma in an cire shi sai dai yara su ci faranti.

Mako shida ana haka. Yara suka fara zuwa gidan maƙwabta gaisuwa daidai lokacin sauke tukunya. Matar ta rage wa zanenta ɗauri. Tela kuwa idanunsa suka shige ciki, saura 'yar tsaga kamar ramin maɓalli. Wata mai kawo ɗinki ta shigo shago ta tsaya tana waige-waige.

"Sannu bawan Allah. Ina telan?"

"Ni ne, Hajiya."

"A'a, wani siriri nake nufi, mai idanu."

Ranar ya yanka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da taƙi guda. Mai wandon ya saka ya tsaya a karkace gaban madubi. Tela ya ce masa ƙasan shagon ne ba daidai ba.

Da yamma matar ta same shi zaune ya ƙura wa kofin ruwa ido.

"Lafiya?"

"Maman yara, na fara zargin ruwa."

Ta juya. Ta ɗauki mayafi ta tafi ta taho da Yaya. Da safe su biyu suka sa shi a tsakiya sai asibiti.

Likita ya karanta littafin shafi-shafi. Shinkafa, kabeji. Shinkafa, kabeji. Ya sa shi ya hau ma'auni. Ya dubi allurar ma'aunin, ya dubi littafin, ya cire tabarau ya goge.

"Malam, mai cin abin da ke littafin nan iska ce ya kamata ta kawo shi. Kai kuma ka ƙara kilo huɗu."

"Kumburi ne, ranka ya daɗe. Kumburi yana da nauyi."

"Ba abin da kake ci a waje?"

"Abinci? Ko loma."

Likita ya ce to, za a tambayi fatar da kanta, tunda ita ba ta iya ƙarya ba. Ya hana shi shan maganin ƙaiƙayi na kwana biyar, don kada maganin ya rufe bakin shaida. A rana ta shida suka dawo, aka shigar da su wani ɗaki mai farin labule da benci biyu.

Nas ɗin wata gajeriya ce mai saurin hannu. Ta shigo da tire cike da 'yan kwalabe. Ta kama hannunsa ta juya cikinsa sama, ta goge da auduga, ta ɗauki biro ta jera lambobi daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

"Malam, kowace lamba zan ɗiga mata ruwan abinci ɗaya, in ɗan tsikari fatar. Ba zafi. Sai mu jira minti goma sha biyar. Wanda jikinka ba ya so, wurinsa zai tashi kamar cizon sauro. Ɗaya ƙwai. Biyu madara. Uku kifi. Huɗu alkama."

Tela yana gyaɗa kai, yana hararar matarsa.

"Biyar wake. Shida tumatir. Bakwai gyaɗa."

Tela ya daina gyaɗa kai.

"Gyaɗa kuma? Me ya kawo ta cikin abinci?"

"Kowa muna yi masa."

"Ai ɓarnar magani ce, 'yar'uwa. Ki bar wurin, ki sa kabeji. Ni tun farko shi nake zargi. Dube shi ma yadda yake naɗe kansa, mai gaskiya ba ya haka."

Nas ta yi dariya. Da ya dame ta da magiya, ta aika kicin ɗin asibiti aka kawo ganye ɗaya. Ta tsikari ganyen, ta tsikari fatar, ta rubuta takwas. Amma bakwai tana nan inda take.

"Kada ka sosa. Kada ka taɓa. Ina zuwa."

Ta fita. Matar da Yaya suna bencin da ke kallonsa. Minti ɗaya, shiru. Minti uku, ɗaya lafiya, biyu lafiya, uku ko gezau. Minti biyar, bakwai ta fara ja.

Tela ya karkata jiki ya ba su baya. Ya hura mata iska. Ta tashi kamar ƙwayar wake. Ya danna ta da babban yatsa. Ya ɗaga, ta kai girman maɓallin kwat. Ya sunkuya ya raɗa mata, "Haba, shekara nawa muna tare? Yau za ki tona mini asiri?" Ta ƙara hawa.

Ya dubi takwas. Kabeji na kwance lumui, ko ja bai yi ba. Wani haushi ya turnuƙe shi. Ya saci kallon matan, ya sa farce ya fara kartar takwas. Ya karta, ya karta, ya murza, ya mintsina, har wurin ya yi jawur.

"Me kake yi a nan?" in ji Yaya.

"Addu'a, Yaya."

Nas ta dawo da 'yar rula a hannu. Tela ya yi maza ya miƙa hannun, tafinsa ɗaya a kan bakwai.

"Ga shi nan! Takwas! Na faɗa muku kabeji ne! Mako shida ana ɗura mini guba!"

Nas ta sunkuya ta duba. Ta ɗago.

"Malam, kabeji ba shi da farce."

Ta ɗage tafin nasa. Ga bakwai ta yi tsiri, ta cinye shida, tana neman takwas. Matar ta miƙe tsaye. Yaya ta gyara zaman tabarau. Nas ta ɗora rula ta ce kai, rabon da ta ga irin wannan an daɗe.

Nan fa telancin ya motsa.

"Wannan rular taki ba ta da kyau. Ba haka ake awo ba. Awo sana'ata ce, shekara ashirin. Bari ki ga."

Ya zura hannu a aljihu ya fizgo tef ɗin awonsa. Tef ya fito, ya jawo bakin leda. Leda ta fashe.

Gyaɗa ta watsu a ɗakin. Ta gangara ƙarƙashin benci, ta shiga ƙarƙashin tire, ta bi ta ƙofa ta fita baranda. Wata ta yi ta juyawa a tsakiyar ɗaki, ta juya, ta juya, ta zo ta tsaya daidai ƙafar Yaya.

Yaya ta sunkuya ta ɗauka. Ta duba ta a haske kamar yadda ta duba kwalbar mai a kicin.

"Wannan fa?"

"Ta... ta wani ce ya ba ni ajiya."

"Ɗan nan, ni na goya ka. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba kullum ba ne, Yaya. Gwangwani uku ne kawai. Wani lokaci huɗu."

"A wata?"

"A rana."

Matar ta koma ta zauna. Muryarta ba ta tashi ba. "Mu muna cin shinkafa gaya."

"Maman yara, ai ba abinci ba ne. Baki nake motsawa."

Likita ya shigo yana taka gyaɗa, ƙaras, ƙaras. Ya dubi hannun, ya dubi ƙasa, bai ma tambayi komai ba. Ya ce daga yau shi da gyaɗa sai dai kallo daga nesa, da ita da manta da duk abin da aka yi da ita. Ya ce kada ya ɗauka wasa ne, yau leɓe ne ya kumbura, wata rana maƙogwaro ne zai toshe. Sauran abincin kuwa ba wanda ya yi masa komai, ya ci abinsa.

"Har kabejin?" in ji tela da 'yar murya.

"Musamman kabejin."

A bakin ƙofar asibiti Yaya ta kama hannun matar ta ce, "Yarinya, na ci zalinki, ki yafe mini. Ni ce shaida. Yanke."

Matar ta yanke, ba ta ko yi dogon tunani ba.

Da farko ya je gidan Yaya ya ɗauko kazar, ya rungumo ta a ƙirji tun daga can har bayan randa, tana tsattsagar masa hannu. Sannan ya je shago ya ɗauko buhun a ka, da rana tsaka, ya wuce ta gaban mai aski. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana cewa ai shi tun farko ya san gyaɗa ce. Na ƙarshe kuwa, mako shida cif, yadda gidan ya yi, shinkafa gaya da dafaffen kabeji, safe da rana da yamma. Shi kaɗai.

Ranar farko da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yara na ta fama da ƙwai da kifi har da siɗe yatsu. Gogan naku na gefe da farantinsa, yana tura kabeji yana rufe ido. Fuska ta fara sacewa, idanu sun dawo, kuma da ma ba su dawo ba, don ga abin da suka gani. Matar ta jawo kujera can nesa da shi, inda iska ba za ta kai masa ba. Ta ɗauko gwangwanin nan nasa na shago, ta cika daga buhu. Ta zuba wa Yaya a tafi, ta zuba wa kanta. Ta murza, ta hure ɓawon, ta watsa a baki. Ƙaras, ƙaras.

Tela ya haɗiye yawu. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Haba Maman yara, ki ji tsoron Allah. Abincin da aka hana ni, shi za ki zauna kina ci a gabana?"

Ta murza wata, ta hure, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wane abinci? Baki nake motsawa."